Farantan Kaka a Cikin Buhun Masara

Tun da na dawo daga Bawku wayata ba ta huta ba. Hamdiya ta kira, Zuwera ta kira, 'yan ajinmu na sakandare kowa da irin tambayarsa. Rukayya, da gaske ke kaɗai kika je? Da gaske sojoji sun durƙusar da ke a kan titi? Sau biyu ina gwada ba da labarin da baki, kuma duk a wuri ɗaya muryata take sarƙewa, sai in ce wa mutum ana kirana a cikin gida. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa. In kun ga na yi tsalle a wani wuri ku yi mini uzuri, jikina bai gama dawowa daidai ba.

Wanda ya taɓa shiga gidanmu a Salaga ya san kabad ɗin Kaka, mahaifiyar babana. Ƙaton kabad ne mai gilashi, ya cinye bango guda na ɗakinta, cike da tangaran: farantai, kofunan shayi, butoci, kwanonin miya masu murfi. Ta fi shekara arba'in tana tara su. Wasu a wurin masu gwanjo ta samo, wasu a gidan da aka yi rasuwa magada suka rasa yadda za su yi da su, wasu kuma a hannun amaren yanzu da suka fi son kula da roba. Kaka ba ta yi boko ba, amma in ta ɗauki faranti ta ɗalle shi da farce ta kara a kunne, za ta gaya maka ko yana da ɓoyayyiyar tsaga. Ni aikina tun ina firamare shi ne in juya gindin faranti in karanta mata tambarin. In na ce Ingila, ta gyaɗa kai. In na ce Caina, ta ce, "Na da ko na yanzu?" kamar a gabana aka yi shi. Ba ta sayarwa, ba ta ba da aro, ko da ranar suna ce a cikin gidan.

A can saman kabad ɗin akwai farantai biyu da ko ni ba na taɓawa. Farare ne, da shuɗɗan furanni a gefe da siririn zare na ruwan zinariya. Na mahaifiyarsu ne. Asali shida ne, mahaifinsu ya sayo mata daga bakin teku lokacin yana fataucin goro. Da ta rasu aka raba wa 'ya'yanta mata uku, bibbiyu: Kaka a Salaga, mai bi mata da ta yi aure a Yendi (ita ta rasu, nata suna hannun 'yarta Sadiya), da autarsu Mariyama da aure ya kai Bawku, wadda muke kira Kaka Ƙarama.

Wata huɗu kafin tafiyata, cikin rikicin nan da kowa ya sani, wuta ta ci layin su Kaka Ƙarama. Ba zan shiga maganar wa ya yi wa wa ba. Ban sani ba, kuma ba ita ta kai ni ba. Ita dai ta fito da zanen jikinta. Ɗanta ya kama musu ɗaki biyu a wata unguwa, kuma tun daga nan ta daina magana sai i da a'a, abinci kuwa sai an yi da gaske take kai loma biyu. Surukarta, Anti Fusena, ita ke kiranmu tana kuka, ta ce tsohuwa tana ƙarewa suna kallo. Rannan aka kara mata waya a kunne, Kaka ta yi ta magana ita kaɗai, can sai muka ji Kaka Ƙarama ta ce, "Yaya, ko farantin Mma ɗaya ban fitar ba." Ta miƙa wa Anti Fusena wayar.

Bayan kwana biyu Kaka ta ce in taka kujera in sauko mata da farantan nan.

"Za a kai wa Mariyama," ta ce. "A biya Yendi a karɓi na wurin Sadiya a haɗa, su zama huɗu. In ta ga na uwarmu a gabanta za ta ci abinci."

Babana ya ce shi zai je. Kaka ta ce ba da yawunta ba, namiji a wannan hanya tambayoyinsa sun yi yawa: wane ne kai, ɗan wane gida, wane yare kake ji. Mmata kuma, wato mahaifiyata, tana da goyo. Sai duk suka juyo suna kallona, ni da ban taɓa wuce Tamale ba.

Yadda aka ɗaure kayan shi ne asalin duk abin da ya biyo baya. Kaka ta sa aka auno rabin buhun masara. Ta naɗe kowane faranti a tsohon ɗankwali, ta tsayar da su a kan gefensu a tsakiyar masarar, aka ƙara wata a kai aka ɗinke baki. Ta ce haka mahaifinsu ya kawo su a bayan lori, a hanyar da ba kwalta, ko ɗaya bai tsage ba, domin hatsi ya fi kwali da takarda shanye girgiza.

"Duk wanda ya tambaye ki, me za ki ce?"

"Masara ce."

"Masara ce me?"

"Masara ce kawai."

"Yauwa. In kika ce tangaran, za a ce kayan masu kuɗi ne, ido ya hau kanki. Kuma hannun da ya san abin fashewa ya ɗauka, shi ke rawa ya yar."

Ta sa na maimaita har sau uku, kamar hadda.

Motar Bimbilla ta cika da hantsi, ga zafin bazara. Kwandasta ya kai hannu zai cilla buhun saman mota inda aka loda doya da awaki biyu, na riƙe bakinsa na ce a ƙafata zai zauna. Ya dube ni, ya dubi buhun.

"Sista, wannan masara naka na zinariya ne?"

Mutane suka yi dariya, ni dai na shige na matse buhuna tsakanin gwiwoyi. Matar da ke gefena tana da kaza a kwando a ƙarƙashin kujera. Kafin mu yi nisa kazar ta samu wata 'yar kafa a gindin buhun tana zaro masara ɗaya-ɗaya. Na toshe kafar da yatsan ƙafata, ta koma saran yatsan. Mai kazar ta ce in bar ta ta ci, ita ma matafiya ce, ta ba ni mangwaro biyu na ban haƙuri. A Bimbilla na canja mota, na isa Yendi da la'asar.

Goggo Sadiya 'yar marigayiya ƙanwar Kaka ce. Tela ce, tana aure a babban gidan 'yan ƙabilar Dagomba mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Mu a gida gaisuwa ɗan rusunawa ne, ka tambayi gajiya da iyali ka wuce. A Yendi sai ka tsuguna har ƙasa a gaban babba, ka sunkuyar da kai, duk abin da ya faɗa ka amsa da "naa". Goggo ta ja ni ɗaki-ɗaki, daga uwar mijinta zuwa yayyen mijin, ina ta naa, naa, har gwiwoyina suka yi tsami. Buhun kuwa na jingine shi a bakin ƙofar tsakar gida, don ba a shiga ɗakin tsofaffi da kaya.

Abin da ban sani ba, a wannan gida duk abin da baƙo ya ajiye a bakin ƙofa tsaraba ce ta gida, ba a jira sai ya ce ga shi, don kada ya ji kunyar ƙanƙantarsa. Da na fito, wurin wayam. Aka ce ai matar ƙanin mijin Goggo ta ɗauka ta kai injin niƙa, za a yi tuwon baƙuwa da masarar baƙuwa. Ni da Goggo muka fita a guje, ni ko takalmi babu. Mun same ta a layi, mutum biyu ne a gabanta, ta riga ta fara warware ɗinkin. Goggo ta yi mata bayani da yarensu, ta ce saƙo ne na mara lafiya, ta ɗora mini buhun a kai. Sai da muka karya kwana ta dafa bango tana dariya har da hawaye.

"Da yau mun ci tuwon tangaran," ta ce. "Da Hajiya kakarki ta tako daga Salaga da ƙafa."

Bayan mun ci abinci, tuwon zafi da miyar ayoyo, ta kai ni ɗakinta. Faranti ɗaya yana kan keken ɗinkinta, cike da maɓallai da allurai. Na ce a raina da Kaka ta ga wannan da sai an yayyafa mata ruwa. Goggo ta juye maɓallan a gwangwani, ta goge shi da bakin zane ta miƙo mini, ko a jikinta. Na biyun yana can ƙasan akwati. Ta ciro shi ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa gefensa.

"A cikin wannan Mmata ta ci abincinta na ƙarshe," ta ce. "Shinkafa, cokali uku. Ni na ba ta."

Ta mayar da shi cikin akwatin ta rufe. Na yanke a raina uku ma sun isa.

Da na idar da sallar asuba na same ta a tsakar gida da basilla a hannu, tana ɗinke bakin buhun. Ta naɗe nata biyun a ƙyallen atamfa.

"Huɗu ne a ciki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da Mmata na raye da kanta za ta kai wa ƙanwarta. Kada ki gaya wa Hajiya na yi gardama." Ta ciji zaren. "Me aka ce ki ce a hanya?"

"Masara ce kawai."

"Haka ake yi."

Ta ƙulla mini tubani a ganye, da yaji da mai. Akwai gajeriyar hanya daga Yendi ta wajen dutsen Gambaga, amma mijinta ya ce in bi ta Tamale da Bolga, inda motoci ke haɗuwa sojoji su raka su.

A motar Bolga na haɗu da Mma Azara. Babbar mace ce mai wushirya, 'yar Bawku, fataucin albasa take yi, ta kai kaya Tamale tana komawa. Muna wuce Walewale ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Yarinya, tun tasha kake karanta Ƙulhuwallahu. Ka rage mana, mu ma muna so mu isa."

Haka Hausarsu take a can, mace da namiji duk "kai" ne. Ta tambayi inda za ni, na faɗi unguwar, ta ce ta san layin da ya ƙone. Mun isa Bolga motocin rakiya sun riga sun tashi, sai gobe. Ina tsaye a tasha da buhuna ban san gabas ba, ta ce, "Ɗauko kayanka." Gidan ƙanwarta ta kai ni a zango. Aka shimfiɗa mana tabarmi a baranda, mu mata shida, duk masu jiran motar safe. Aka kawo zomkom, wato garin gero da aka dama da ruwan sanyi, da citta da barkono da ɗan man kaɗanya. Mu da muka saba da fura da nono, kurɓin farko na ji kamar man shafawa na sha. Kafin in kai rabin kofi na daina jin man, sai sanyi a ƙirjina.

Mma Azara ta dubi buhun da na sa a wurin kaina.

"Masara daga Salaga har Bawku? Mu ba mu noma?"

"Masara ce kawai," na ce.

Ta kalle ni ta ɗan jima, ta gyara kwanciyarta.

Da safe motoci suka jeru, ta sojoji ɗaya a gaba ɗaya a baya. Direbanmu ya ce duk inda aka tsaya kada wanda ya buɗe ƙofa sai an ce. A motar Salaga ba ka jin maganar kanka don surutu, ana musun ƙwallo ana cinikin doya ta taga. A wannan motar ko rediyo babu. Mutane suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kafe idonsa a gaba, ba mai tambayar na kusa da shi sunansa. Har jaririn da ke bayana kamar an gaya masa.

Bayan mun wuce Zebilla muka tarar da shinge. Aka ce kowa ya sauka, a sauke kaya a jera a bakin titi. Nan ne wurin da muryata take sarƙewa.

Wani soja dogo yana bin kayan ɗaya-ɗaya. A hannunsa akwai dogon ƙarfe mai tsini, irin wanda masu sayen hatsi ke soka wa buhu, sai dai nasa ya fi tsawo. Ya zo kan nawa ya tambaya da Turanci na wa ne. Na ce nawa. Ya ce me ke ciki. Ina jin Turanci. Na san makamai suke nema a cikin buhunhunan mutane, kowa ya sani. Na ga ƙarfen da idona. Ina da lokacin da zan ce masa, ranka ya daɗe, akwai farantai. Amma bakina ya riga hankalina.

"Masara ce kawai."

Ya soka ta gefe, ƙarfen ya wuce. Ya soka ta ƙasa, ya wuce. Ya soka a tsakiya, sai ji muka yi ƙas. Ya danna da ƙarfi, ya sake ji. Ya ja da baya ya daka tsawa da wata kalma da ban gane ba, sai ganin bakin bindigogi na yi sun taso. Aka kora fasinjoji gefe aka ce su tsuguna. Ni aka ce in durƙusa kusa da buhun, hannu a kai. Kwalta tana ƙona mini gwiwa ban ji ba sai daga baya da na ga tabon. Abin da nake tunawa, ina kallon ƙwayar masara ɗaya da ta faɗo daga inda ƙarfen ya huda, ina cewa a raina ashe haka ake mutuwa, da rana tsaka, ba wanda ya san sunanka a wurin.

Babbansu ya taho, dattijo ne mai furfura a gefen kai. Ya tambaye ni a hankali me na ɓoye. Ya sake tambaya. Sai na ji muryar Mma Azara daga inda take tsugune.

"Oga, ka bar shi ya buɗe da hannunsa. Yarinya ne, jikan mutane ne. Jiya tare muka kwana."

Aka ce ta yi shiru, ba ta yi ba. Dattijon ya jefo mini 'yar wuƙa ya koma baya. Da ƙyar na yanke ɗinkin Goggo. Buhun ya kife, masara ta watsu a kan titi. Na tura hannu na zaro ƙunshi na farko, ya ce in warware a hankali. Na warware ɗankwalin Kaka, farin faranti ya fito da furanninsa a cikin rana. Na biyu lafiya. Na uku lafiya. Na huɗu tun kafin in buɗe na ji yana kacar-kacar a cikin ƙyallen. Ya rabu biyar. Na Goggo Sadiya ne, na ƙasan akwati, na gane shi da ƙullin da ta yi masa daban.

Bindigogi suka sauka. Dattijon ya tsuguna ya ɗauki ɓari ɗaya yana juyawa. Ya ce kakarsa tana da irinsu a can kudu, sai ranar Kirsimeti ake fito da su. Sannan ya dube ni, fuskarsa ba wasa, ya ce saura kaɗan in mutu a kan faranti, kuma daga yau duk wanda ya tambaye ni a hanya in faɗi abin da ke akwai. Ban ga laifinsu ba, har yanzu ban gani ba. Ni na ce masara ce.

Abin da tsoro ya yi wa jikina a wurin mata za su gane ba sai na rubuta ba. Mma Azara ta zo ta kwance zanenta na sama ta ɗaura mini, ta tayar da ni. Da na juya sai na ga matan motarmu, waɗanda tun safe ba su kalli juna ba, sun durƙusa suna tattara masara daga kan kwalta suna zubawa a buhu. Sojan nan dogo ma ya tsuguna yana tara ta da tafin hannu. Ya ce mini "sori" sau biyu, bai yarda mun haɗa ido ba. Sauran hanyar a cinyata na riƙe farantan, Mma Azara ta riƙe mini hannu har tasha.

Anti Fusena ce ta zo ɗaukata a kan babur. A kwanakin da na je an hana maza hawa babur a garin, don haka duk inda ka duba mata ne ke tuƙi, da buhu a baya, da goyo, wata ma da tunkiya. A Salaga ma mata suna hawa, amma ban taɓa ganin gari da maza ke tafe a ƙasa suna kauce wa matansu ba. Rabin shaguna a rufe, kowa yana sauri ya gama abin da zai yi kafin dokar hana fita.

Kaka Ƙarama tana kwance a tabarma, fuskarta a bango. Rabona da ita tun ina 'yar shekara tara, lokacin tana da jiki, da murya da ake ji daga ƙofar gida. Yanzu kamar an naɗe zane an ajiye. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kai. Na jera farantai ukun a gabanta.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta miƙo hannu ta jawo ɗaya, ta bi gefensa da yatsa har ta tsaya a wani ɗan ɓantare da ni ban taɓa lura da shi ba.

"Ni na yi wannan," ta ce, muryar a dushe. Ta dubi sauran. "Yaya ta ce huɗu."

Na buɗe ƙyallen atamfar. Kukan da ban yi a kan titi ba ya zo. Na faɗa mata komai, daga haddar Kaka har zanen Mma Azara da ke jikina. Tana saurare, idonta a kan gwiwoyina da suka saɓule. Sai ta dafa ƙasa ta tashi zaune, da kanta.

"Fusena, kira mini Salaga."

Aka kira, aka sa yadda kowa zai ji. Kaka ta fara, "Mariyama, sun iso?"

"Yaya, ke kika ce wa yarinya ta ce masara ce?"

"Ai haka Baba ya..."

"Zamanin Baba ne yanzu? Zamanin Baba akwai soja da ƙarfe a hanya? Kin zauna a Salaga kina goge gilashi, ba ki san yadda duniya ta koma ba. Da an harbe mini jika a kan faranti, a cikin wanne zan ci abincin? Ki faɗa mini, a cikin wanne?"

Kaka Ƙarama ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Tun muna yara haka kike, abin da kika faɗa shi ke nan, ba mai cewa a'a. Ita ma Sadiya da girmanta ta biye miki."

Ta fi rabin sa'a tana yi. Ta tono na shekara sittin, har da ranar da ta ɓantare farantin aka daki Kaka a madadinta, ta ce wannan ma ai taurin kai ne ya hana Kaka faɗin gaskiya. Ina jin Kaka, wadda ba a katse ta a gidanmu, tana cewa, "Haka ne. Haka ne, Mariyama." Anti Fusena tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa don dariya. Ta raɗa mini, "Wata huɗu ban ji wannan murya ba."

Da ta gaji ta ajiye wayar ta ce, "Me kuka dafa? Yarinya tun safe tana hanya kun tsaya kuna kallona." Tuwo ne da miyar busasshiyar kuɓewa da zabo. Ta tura farantin nan mai ɓantare ta ce a zuba a ciki. Na ce ba zan iya ci ba.

"In ba ki ci ba, ni ma ba zan ci ba."

"Kaka, in kin ci zan ci."

Ta harare ni, ta wanke hannu. Ta yi loma, na yi. Ta yi, na yi. Haka muka yi ta gadin juna har muka ga furannin da ke ƙasan farantin.

Kwana uku na yi. Ranar tafiya ta sa aka cika mini buhun da albasa, ta ce ba a mayar da mazubin mutane fanko. Gutsattsarin kuma ta ƙulle su da kanta ta ce na Sadiya ne. A shingen nan, tun kafin a tambaye ni na kwance buhun, na buɗe ƙyallen, na buɗe jakata, har sojan ya ce ya isa.

Na biya ta Yendi, ko da yake hanyar Tamale zuwa Salaga ta fi kusa. Duk hanya ina shirya abin da zan ce wa Goggo, da na gan ta ya gudu. Na miƙa mata ƙullin. Ta buɗe, ta jera su a cinya ɗaya-ɗaya, ta gwada haɗa biyu, ta bari.

"Ta ci?" ta ce.

"Ta ci, Goggo. Har ta nemi ƙari jiya."

Ta ƙulle su ta sa a ƙasan akwatin, ta ce in tashi in yi wanka ruwa na kan wuta.

A Salaga, Kaka da ta fi shekara biyu ba ta wuce ƙofar gida ba saboda ƙafa, na same ta a tasha, zaune a bencin mai ƙosai da sandarta. An ce tun azahar take wurin. Ba ta tambayi faranti ba. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Ni na sa ki ƙarya, Rukayya. Ki yafe mini." A gaban kwandastoci da masu doya.

To, ga shi kun ji. Har yau in cokali ya bugi kwano a bayana sai na zabura, kuma ban koma barci sosai ba. Masu tambaya ko zan sake zuwa: Anti Fusena ta kira jiya, ta ce tsohuwa ta fara yi mata faɗa a kan gishirin miya, kuma kullum sai ta tambaya yaushe 'yar Salaga za ta dawo su ci tuwo. Ban ba da amsa ba tukuna. Zanen Mma Azara dai yana nan, na wanke na goge, kuma ba ni da wanda zan aika da shi.